Amsa ga ɗalibin da abokansa suka gayyata zuwa Kamakhya

Wani ƙaninmu da ke karatu a Indiya ya turo tambaya, yace abokan ajinsa 'yan Hindu sun gayyace shi su je Guwahati idan an yi hutu, wai za su kai ziyara wurin bautar da ake ce wa Kamakhya, shine yake so ya san wace ce wannan Kamakhya ɗin, da gaske ne abin da suke faɗa cewa tana yin jinin al'ada duk shekara har ruwa ya koma ja, za a bar wanda ba Hindu ba ya shiga kuwa, sannan babu wani hatsari a zuwan?

Toh ƙanina, tarihin addinai shine fannin da na karanta a can ƙasar, kuma na hau wannan dutsen, don haka bari in warware maka yadda abin yake. A taƙaice dai eh ana barin baƙi su shiga, ba kamar Jagannath na garin Puri ba inda ko kusa da ƙofa ba a barin wanda ba Hindu ba ya wuce. Amma barin ka shiga daban, sanin abin da kake shiga daban, kuma wannan na biyun shine nake so ka tafi da shi tun daga gida.

Wurin yana jihar Assam ne, can arewa maso gabashin Indiya, a kan wani dutse da ake kira Nilachal a yammacin birnin Guwahati, yana kallon kogin Brahmaputra. Abu na farko da zai ba ka mamaki shine a ainihin ɗakin bautar babu gunki. Kai da ka saba ganin mandir, wato ɗakin bautar 'yan Hindu, a fim, da mutum-mutumi mai hannu huɗu ko takwas an rataya masa fure ana kaɗa ƙararrawa, za ka zaci haka nan ma yake, a'a. Bayan ka wuce ɗakunan gaba sai ka tarar da wata ƴar matattakala ta dutse mai ƙunci tana gangarawa ƙasa cikin duhu, babu taga babu komai sai fitilun mai da suke ci a gefe, iskar wurin ta yi nauyi da warin turare da danshi da numfashin mutane, ƙafarka babu takalmi kana jin sanyin dutsen da ruwa-ruwa a tafin ƙafa, na bayanka yana turo ka na gabanka yana kuka yana kiran "Maa, Maa", wato uwa. A can ƙasa akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ya tsage a tsakiya, ruwan marmaro yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashinsa ba ya ƙafewa rani da damina, an lulluɓe shi da jan ƙyalle da jajayen furanni har da ƙyar kake ganin dutsen kansa. Mai ziyara yana durƙusawa ya miƙa hannu ya taɓa ruwan, ya shafa a kai ko ya kurɓa, malamin wurin da ke zaune a gefe ya karanta masa wasu kalmomi da sauri ya ce tashi na baya ya matso. Shikenan. Mutum ya yi awa huɗu ko biyar a layi saboda abin da ba ya kai minti ɗaya. Wannan tsagar dutsen da ruwan su ne Kamakhya, duk sauran labaran da za ka ji an gina su ne a kewayen wannan.

Babban labarin shine na Sati. A cewarsu akwai wani babba cikin manyan halittu na farko mai suna Daksha, yana da 'ya Sati, ita kuma ta kafe sai Shiva, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, za ta aura, shi kuwa uban bai ɗauki Shiva a bakin komai ba, yana ganinsa mutum ne mai zaman maƙabarta, ya shafe jiki da toka, maciji a wuya, gashi a cukurkuɗe, ba irin surukin da ake nunawa a taro ba. Aka yi auren ba da son ransa ba. Daga baya Daksha ya shirya gagarumin bikin hadaya ta wuta, ya gayyaci kowa da kowa amma ya tsallake 'yarsa da mijinta da gangan. Sati tace gidan ubana ne ai ba sai an gayyace ni ba, Shiva ya hana ta taƙi ji, ta tafi. Tana isa uban ya hau zagin mijinta a gaban jama'a, ita kuma ta kasa jurewa, ta ƙona kanta a wurin ta mutu. Da labari ya kai wa Shiva sai ya fusata, ya aika wani mayaƙi da ya fitar daga gashin kansa, Virabhadra, ya tarwatsa taron ya fille kan Daksha, sai daga baya da aka ba shi haƙuri aka dasa wa Daksha kan bunsuru ya rayu.

Inda labarin ya shafi Kamakhya shine abin da ya biyo baya. Shiva ya saɓi gawar matarsa a kafaɗa ya shiga duniya da ita yana rawar baƙin ciki, yaƙi ajiyewa, har sauran ababen bautarsu suka ga in ba a yi wani abu ba duniyar za ta rushe. Sai Vishnu, shi ma babba a cikinsu, ya jefa makaminsa mai kama da faifai, wanda suke kira Sudarshana, ya riƙa yankar gawar gunduwa-gunduwa tana faɗowa ƙasa har kafaɗar Shiva ta zama babu komai sannan ya dawo hayyacinsa. Duk inda wani sashe na jikinta ya faɗa, nan ya zama wurin bauta, su ake kira Shakti Pitha. Yatsun ƙafarta ta dama wai a Kalighat na birnin Kolkata suka faɗa, harshenta a Jwalamukhi can jihar Himachal inda wuta ke fitowa daga tsagar dutse, idanunta a Naina Devi, saman kanta a Hinglaj da ke Balochistan cikin Pakistan ta yau. Wanda ya faɗo a dutsen Nilachal kuwa, ka yi haƙuri da furucin, al'aurarta ce, mafitar haihuwa. Shi yasa suke ɗaukar nan a sahun gaba cikin dukkan wuraren, domin a tunaninsu daga nan rai yake fitowa, kuma shi yasa za ka ga yawancin masu layin mata ne masu neman haihuwa da sababbin ma'aurata da iyaye masu neman wa 'ya'ya miji.

Idan ka tambayi abokanka guda nawa ne wuraren za su ce maka 51. Wani zai ce 52. A littattafansu kuwa akwai inda aka ce 4, akwai 18, akwai 64, akwai 108, kuma jerin sunayen ma ba ɗaya ba ne, sai ka ga garuruwa biyu kowanne yana cewa wurinsa ne sashe kaza ya faɗa. Hatta yadda aka yanka gawar ma an saɓa, a littafin Kalika Purana, wanda aka rubuta a wannan yankin na Assam wajen ƙarni na 10 zuwa na 11 kuma shine babban madogarar Kamakhya, ba makamin Vishnu ba ne, cewa aka yi ababen bautarsu uku, Brahma da Vishnu da Shani, ne suka shiga cikin gawar suka rarraba ta daga ciki. Kada ka ɗauki wannan a matsayin abin da za ka ƙure abokanka da shi, domin su ba sa kallon labarin irin yadda mu muke kallon ruwaya da isnadi, a wurinsu labari ya zo ta fuska uku ba aibi ba ne. Amma ga mai nazari wannan saɓanin yana nuna abu guda, wuraren sun riga labarin. Akwai duwatsu da maɓuɓɓugai da kogwanni da ƙabilu daban-daban suke bauta wa tun fil azal, kowanne da tasa uwar, sai daga baya aka zo da labari ɗaya da ya ɗinke su wuri guda yace ai duk jikin mace ɗaya ne. Wani masani ɗan Assam, Banikanta Kakati, ya yi littafi a kan Kamakhya a 1948 inda ya kawo hujjar cewa asalin bautar wannan dutsen ta mutanen tsaunukan yankin ce irin su Khasi da Garo, kafin malaman Hindu, wato Brahmin, su iso da harshensu na addini, Sanskrit. Ni wannan ra'ayin ya fi kwanta min. Duk Bakano zai gane abin da sauri idan ya tuna Dala da Barbushe da Tsumburbura, dutse ne, da mai tsaronsa da shi kaɗai yake shiga, da yankan baƙin bunsuru. Bambancin shine a Kano Musulunci ya zo ya kawar da abin Dala ya koma tarihi, a can kuwa addinin Hindu bai kawar ba, haɗiyewa ya yi, ya ba uwar dutsen sabon suna da miji da dangi ya bar ta a wurinta.

Labari na biyu da za ka ji tun kuna mota kuna hawa shine na Naraka, kuma shine yara suka fi so. Naraka sarki ne a wannan ƙasar lokacin ana kiranta Pragjyotisha, ɗa ne ga ƙasa ita kanta da Vishnu a sanda ya zo a siffar gadu, da farko shine ma babban mai hidimar Kamakhya, sai mulki ya hau masa kai har yace aurenta yake so. Ita kuma ta gindaya masa sharaɗi, tace ya gina mata matattakalar dutse tun daga gindin tsaunin har sama a dare ɗaya kafin zakara ya yi cara. Ya kama aiki ba ji ba gani, can cikin dare ta duba ta ga saura kaɗan ya gama, sai ta sa wani zakara ya yi cara alhali gari bai waye ba. Naraka ya jefar da aikin a zaton ya faɗi, da ya gane dabara aka yi masa sai ya bi zakaran nan da gudu ya kama shi ya yanka, har yau akwai wurin da suke nunawa suna cewa nan ne, sunansa Kukurakata. Tsohuwar hanyar dutse da ake hawa da ƙafa ita suke cewa aikinsa ne da bai ƙarasa ba. Ƙarshen Naraka dai Krishna ne ya kashe shi ya 'yanto mata dubu goma sha shida da ya tsare, kuma wannan kisan yana cikin abin da ake tunawa a kwanakin Diwali da kake gani ana kunna fitilu.

Akwai kuma na Kamadeva, abin bautarsu na soyayya, wanda ya harbi Shiva da kibiya yana tsaka da zuzzurfan tunani, Shiva ya buɗe idonsa na uku ya ƙone shi ƙurmus, wai a nan yankin ya sake samun jikinsa shi yasa ake kiran ƙasar Kamarupa. Wannan ba sai na ja shi ba.

Ginin kansa kuma yana da tarihi na gaske wanda ba almara ba. An ambaci abar bautar wannan dutsen a rubutun sarakunan yankin tun ƙarni na 9, kuma duwatsun sassaƙa da ke gindin ginin tsofaffi ne sosai. Tsohon ginin ya rushe, nan ma za ka ji magana, domin abin da ya fi yawo a bakin mutane shine wani kwamandan Musulmi daga Bengal mai suna Kalapahar ne ya rushe shi. Masana tarihi da dama ba su yarda ba saboda lissafin shekarun bai hau ba, an gama sabon ginin a 1565, shi kuwa Kalapahar tashensa bayan nan ne, don haka sun fi karkata ga cewa ɓarnar ta auku tun da farko, wataƙila lokacin da Sultan Husain Shah na Bengal ya ci masarautar Kamata a 1498. Na kawo maka wannan ne saboda kai Musulmi ne kuma wani zai iya jefo maka zancen, ba sai ka yi musu ba kuma ba sai ka ji kunya ba, ka dai san abin da ake cewa. Wanda ya sake ginawa shine sarkin masarautar Koch, Naranarayan, tare da ƙaninsa Chilarai wanda shine sarkin yaƙinsa. An so a mayar da hasumiyar da dutse kamar yadda take da, abin yaƙi tsayuwa, sai maginin ya koma ga bulo ya yi ƙubba mai hawa-hawa irin ta ginin Musulmin Bengal a kan tsohon harsashin dutsen, wannan haɗin har ya zama salo na kansa da aka riƙa kwaikwaya a Assam ana kiransa salon Nilachal. In ka tsaya a waje ka kalla da kyau za ka ga inda dutse ya ƙare bulo ya fara. Daga baya sarakunan Ahom, waɗanda asalinsu mutanen Tai ne da suka shigo Assam a 1228 suka yi mulki kusan shekara 600, suka karɓi ɗawainiyar wurin, sarkinsu Rudra Singha ya aika aka ɗauko masa wani malami daga Nadia ta Bengal, Krishnaram Bhattacharya, ɗan sarkin, Siva Singha, ya danƙa wa malamin kula da dutsen, sannan aka ƙara dogon zauren gaba a ƙarni na 18.

Shi Naranarayan ɗin ma bai tsira daga almara ba. Wai akwai wani malamin wurin, Kendukalai, da idan yana ibadar yamma abar bautar takan fito ta yi rawa shi kuma idonsa a rufe, sarki ya matsa masa lamba sai ya gani, malamin yace to ya leƙa ta wata ƴar kafa. Ta gane ana leƙenta, ta kashe malamin nan take, ta kuma la'anci sarki da zuriyarsa cewa kada wani cikinsu ya sake ko kallon dutsen. Abin da ya ja hankalina a nan shine zuriyar gidan sarautar Koch sun riƙe wannan da gaske, an san su da ƙin hawa Nilachal da kawar da kai idan hanya ta biyo da su ta wurin. Kaga mutumin da ya gina wuri an hana jikokinsa shiga.

Yanzu maganar jinin al'ada da ka tambaya. Bikin sunansa Ambubachi, ana yinsa duk shekara a watan Yuni, wajen 22 ga wata, daidai lokacin da daminar can ta kankama. Imaninsu shine a waɗannan kwanakin abar bautar, wadda suke ɗauka ita ce ƙasa kanta, tana haila, don haka ana rufe ƙofar ɗakin kwana uku babu mai shiga, ana dakatar da ibada, manoma masu riƙe da al'adar ba sa sa garma a ƙasa domin a bar ta ta huta. Bayan nan a wanke wurin a buɗe, jama'a su yi ca, a raba musu guntayen jan ƙyalle da aka ce an shimfiɗa a kan dutsen a kwanakin, mutum ya ƙulle shi a laya ko ya ajiye a gida don neman haihuwa da kariya. Dubban ɗaruruwan mutane ne suke zuwa, har da sadhu, masu gudun duniya, masu toka a jiki da masu bin tafarkin ibadar sirri da ake kira Tantra da ba a ganinsu sai a wannan lokacin.

Shin ruwan yana ja? Masu imani za su ce maka eh kuma jini ne. Bayanin da ake bayarwa ta ɓangaren kimiyya kuwa shine ƙasar wurin tana da sinadarin ƙarfe mai ja, idan ruwan damina ya ƙaru ya ratso ta sai launin marmaron ya canza, ga kuma sindur, jan garin nan da matan aurensu ke zubawa a tsagar gashi, wanda ake zuba shi a wurin ba adadi tare da jajayen furanni. Ka haɗa da cewa a kwanakin ƙofa a rufe take, babu ɗan kallo a ciki. Ni ban ɗauke shi jini ba, kuma na san 'yan Hindu masu ilimi da dama da su ma ba su ɗauke shi haka ba amma suna zuwa bikin, domin a wurinsu ma'anar ita ce abin, farkon damina, ƙasa ta shirya ɗaukar iri. Wani abu da matan Indiya da kansu suke yawan tayarwa shine a ƙasar da ake taruwa don girmama hailar abar bauta, mace mai haila ba ta shiga mandir, har ta kai rikicin hana mata masu shekarun haila shiga Sabarimala na jihar Kerala sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci a kai a 2018. In akwai mata a cikin tawagarku za ka ji suna wannan muhawarar, ka saurara kawai.

Sai yanka. Ka shirya ganin jini na gaske a harabar, domin Kamakhya tana cikin wuraren da har yau ake hadaya da dabbobi, akasari bunsuraye da tattabaru, a manyan bukukuwa har da ɓauna. Akwai rumfa ta musamman, ana wanke dabbar a shafa mata ja a goshi a rataya mata fure, a sa wuyanta tsakanin itace biyu, mai takobi ya sare kan da sara ɗaya, in sara bai cire ba lokaci guda suna ganin ba a karɓa ba. Wasu kuma ba sa yankawa, sai su kawo su saki, shi yasa za ka ga awaki suna yawo tsakanin mutane suna cin furen hannunsu, da fararen tattabaru da fukafukansu suka rine da jan gari. Kada ka ɗauka duk Hindu haka suke, a Assam ɗin kanta akwai mabiya Sankardev, wani mai gyara da ya rayu daga 1449 zuwa 1568, waɗanda suka ƙi hadayar jini gaba ɗaya, ɗakunan ibadarsu da ake kira namghar littafi ake ajiyewa a gaba ba gunki ba, kuma da yawansu ba ruwansu da abin da ake yi a Nilachal. Tambayi abokanka, mai yiwuwa a cikinsu ma akwai wanda ba ya iya kallon rumfar.

Maganar hatsari kuma, na san daga inda tsoron yake. Sunan Kamrup-Kamakhya ya daɗe yana tafiya da tsafi a bakin mutanen Indiya, har ana cewa matan can suna mayar da baƙo rago su ɗaure shi a gida, kuma tsofaffin littattafan wurin sun yi maganar hadaya da mutum. Yau wannan kisan kai ne a dokar ƙasar, ba ya cikin abin da ake yi a mandir ɗin, duk da cewa ba zan ɓoye maka ba, a 2019 ana gab da Ambubachi an tsinci gawar wata mata babu kai a kan dutsen, kuma a 2023 'yan sanda suka kama wasu mutane suka ce hadaya suka yi da ita. Abu ne da ya girgiza garin domin ba a saba ba. Ga mai zuwa da rana cikin abokai, abin da ya kamata ya ji tsoro shine turmutsutsu da masu yankan aljihu da santsin matattakala in an yi ruwa. Kada ka bi wani baba mai toka zuwa lungu don yace zai duba maka, kada ka kai dare a can kai kaɗai.

Toh ga shawarata a matsayina na ɗan'uwanka Musulmi, hukuncin halas da haram na zuwan kansa ka kai wa malaminka, ni abin da zan faɗa maka shine yadda wurin yake aiki don ka san me kake tambaya. Harabar waje wuri ne da za ka iya tsayawa ka kalli gini da sassaƙa da kududdufin wanka da suke kira Saubhagya Kunda da ƙananan ɗakunan bautar da ke warwatse a kan dutsen na wasu daga cikin siffofi goma na abar bautar, babu wanda zai ce ka yi wani abu. Amma layin shiga ciki ba layin kallo ba ne, layin ibada ne. Ana bi ne ta wani dogon lungu mai shingen ƙarfe hagu da dama wanda in ka shiga fita da wuya, kuma ƙarshensa shine wancan ramin da na kwatanta maka, inda kowa yake durƙusawa ya sunkuyar da kai ya taɓa ruwan, malamin ma zai iya kama hannunka ya kai ba tare da ya tambaye ka ba domin a zatonsa abin da ya kawo ka kenan. A wannan ƙuncin, da mutum ɗari a bayanka, ba wurin da za ka tsaya bayanin aƙida ba ne, ko dai ka yi abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba ko ka ɓata wa mutane rai a wuri mafi tsarki a wurinsu, duka biyun babu mai kyau. Don haka ka yanke shawara tun kuna hanya, ka faɗa wa abokanka a fili, ni zan raka ku har haraba amma ba zan shiga layi ba. Indiyawa sun saba zama da Musulmi, a Assam ma kusan kashi 34 cikin ɗari na mutanen jihar Musulmi ne a ƙidayar 2011, ba za su ga baƙon abu ba, sau da yawa ma sun fi girmama wanda ya faɗi iyakarsa tun farko.

Haka zancen prasad, wato ɗan abin zaƙi ko abincin da aka miƙa wa abar bautar sannan a raba wa mutane don tabarruki, abokanka za su fito da shi su miƙo maka da zuciya ɗaya, a wurinsu alheri ne suke raba ka da shi. Ka sa hannu a ƙirji ka yi godiya ka ce addinina bai ba ni dama ba, kada ka karɓa ka jefar a gabansu, wannan ya fi ƙin karɓa zafi nesa ba kusa ba. Naman hadayar kam ba sai an faɗa maka ba. Malaman wurin, ana ce musu panda, za ka gane su da jajayen kaya, suna tarar baƙi tun daga inda ake ajiye mota, wani zai zo da jan gari a yatsa zai ɗiga maka a goshi ko ya ɗaura maka zare a hannu sannan ya nemi kuɗi, ka ja da baya kaɗan ka ce "nahi, dhanyavad", wato a'a na gode, da fara'a, zai wuce wurin wani.

Takalmi ana cirewa tun kafin ƙofa, masu shagunan fure za su ce ka ajiye a wurinsu amma da fatan ka sayi kwandon hadaya, gara ka nemi wurin ajiya na kuɗi ka biya. Ka sa kaya masu rufe jiki, kaftaninka ma ya yi. Ba a ɗaukar hoto a ciki, a waje ma kada ka ɗora kyamara a kan mai ibada ko mai yanka ba ka tambaya ba, kuma don Allah kada ka yi bidiyo kana dariya ka ɗora a TikTok, maganar addini a Indiya tana kama wuta da sauri kuma kai baƙo ne mai biza. Za a kalle ka, wasu za su nemi hoto da kai, wannan ka riga ka saba. Ka riƙe kwafin fasfo da takardun makarantarka. Ana rufe ɗakin na ɗan lokaci da rana tsaka, don haka abokanka su yi sammako in ba haka ba za ka wuni kana jiransu a waje, akwai kuma tikitin kuɗi na layin gaggawa in suna so. Lokacin da ya fi daɗi shine daga Nuwamba zuwa Fabrairu, babu ruwa babu zafi. Ambubachi da kwanakin bikin Durga Puja ka bar wa masu shi, ba lokacin ɗan kallo ba ne.

Wani abu kuma da ya shafe mu nan gida, sunan wannan wurin ne 'yan damfara suke amfani da shi a intanet, suna tallan "sindur ɗin Kamakhya" wai na mallaka da jawo masoyi da buɗin kasuwa, ana turo wa mutane jan gari a leda a karɓi kuɗi masu yawa. In wani daga gida ya ji za ka je ya ce ka taho masa da shi, ka ce masa a'a kai tsaye.

In kun sauko kuma kuna da sauran lokaci, ka ja su zuwa Hajo, tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Guwahati bayan an ƙetare kogin. A kan tsaunin can akwai masallaci da ƙabarin wani waliyyi, Giyasuddin Auliya, ginin masallacin na 1657 ne zamanin Sarki Shah Jahan na daular Mughal, mutanen wurin suna kiransa Powa Makka saboda wai an zubo ƙasar Makka a harsashinsa, har wasu suna cewa ziyararsa rubu'in ladan Hajji ce, wanda kai ma ka san wannan ba shi da tushe a addini, amma za ka samu ruwan alwala da wurin yin azahar ɗinka, kuma a gindin tsaunin ba ka rasa mai abincin halal.